Mutum na Shida: Daga Jigawar Danchadi Zuwa Taɓon Landan

Sa'ad da nake yaro a Danchadi, cikin ƙasar Boɗinga, kudu da birnin Sakkwato, ban taɓa jin an haɗa hunturu da taɓo cikin magana ɗaya ba. Taɓo na damina ne. In ruwa ya ɗauke, aka yanke gero, aka kai dawa rumbu, sai ƙasa ta bushe ƙamas. Daga Disamba zuwa Fabrairu iska takan taso daga arewa maso gabas, ta kawo hazo da ɗari. Leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, tsofaffi su kewaye wuta da asuba. Wanda yake so ya ga laka a lokacin, sai ya gangara fadama inda masu lambu suke ban ruwan albasa.

Cikin wannan ɗari ne malaminmu na wasanni yakan fitar da mu gudu. Mukan bi bayan gari ba takalmi, mu ratsa gonakin da aka girbe, mu kewaye wata tsohuwar kuka, sa'an nan mu komo. Rairayi yana jan ƙafa, ƙarangiya tana kama wando. Sau da yawa ni nake fara isowa, har na ɗauka ba wanda zai fi ni gudu a duniya. Wata safiya muka yi kiciɓis da Kawuna a kan jakinsa, zai tafi kasuwa. Ya tsaya, ya duba bayanmu, bai ga kowa ba. Ya ce da ni da harshenmu na Sakkwato, "Kai yaro, wa ka korar ku?" Na ce, "Ba kowa, Kawu." Ya girgiza kai, ya kaɗa jakinsa.

Tafiya Ingila

A shekarar 2014 aka aike ni ƙarin karatu a Landan. Kewa ta dame ni, gama rana takan faɗi tun wajen ƙarfe huɗu a watan Disamba, ga yayyafi kullum. Wani abokin karatuna ya kai ni wata ƙaramar ƙungiyar masu gudu a unguwarsu, na shiga. Mai koya mana wani dattijo ne mai furfura, wanda gwiwa ta hana shi gudu, amma ba ya fashin zuwa fili.

A can na gane hunturunsu da namu suna ne kawai ya haɗa su. Namu sanyi ne da ƙura. Nasu sanyi ne da ruwa. Rana ba ta da ƙarfin busar da ƙasa, saboda haka duk abin da ya zubo daga Nuwamba yana nan kwance har Maris. A wannan lokaci ne suke yin gudun ratsa daji, wanda 'yan makarantarmu suke kira kuros. Ba a kan kwalta ake yinsa ba. Ana bin ciyawa, da kurmi, da tudu, da kwari, duk yadda Allah ya yi wurin.

Dattijon ya ba ni asalin abin. Wasan 'yan makaranta ne da ake kira zomo da karnuka. Yara biyu su yi gaba suna watsa guntayen takarda, sauran su bi sawu har su kama su. Daga baya manya suka karɓa. A 1876 aka yi gasar ƙasar Ingila ta fari, mutum 32 suka tashi, dukansu kuwa suka ɓata hanya, aka soke gasar. A 1903 aka fara gasa tsakanin ƙasashe a Hamilton ta ƙasar Sikotilan, a 1973 kuma ta zama gasar duniya. Da 'yan Afirka suka shiga, sai suka karɓe ta. Mazan Kenya sun ci kofin ƙungiya shekara 18 a jere, daga 1986 zuwa 2003. John Ngugi ya zo na ɗaya sau biyar. Da na ji haka sai kaina ya ƙara kumbura. Na ce a raina, ai gudun namu ne.

Yadda ake lissafi

Ga abin da ban mai da hankali a kai ba sa'ad da ake yi mini bayani. A wannan gudu ana duban wanda ya zo na ɗaya, amma babban lissafi na ƙungiya ne. Kowa ya iso, a ba shi lamba bisa ga isowarsa. Na ɗaya yana da 1, na hamsin yana da 50, na dubu yana da 1,000. A gasar manyan maza ta Ingila akan tara lambobin mutum shida na farko daga kowace ƙungiya. Ƙungiyar da jimlarta ta fi ƙanƙanta ita ta ci. In kuwa mutum biyar ne kaɗai suka ƙare, ko da sun yi gudun barewa, ba za a sa sunan ƙungiyarsu cikin jeri ba.

Gasar 2015 ta faɗo a watan Fabrairu, ran Asabar, a wani wuri da ake kira Parliament Hill, a arewacin Landan. Mu takwas muka ba da suna. Mura ta kwantar da ɗaya, aiki ya riƙe ɗaya. Muka rage mu shida cif.

Parliament Hill

Wurin yana cikin wani babban fili mai suna Hampstead Heath, wanda aka bar shi da itatuwa da tafkuna a tsakiyar gidaje. Tudun bai kai mita 100 ba, amma in ka hau kansa kana hangen birnin a shimfiɗe, har da ƙubbar babbar majami'ar St Paul. Ƙasar gindinsa yumɓu ce, irin wadda matan garinmu za su so domin ginin tukwane. Yumɓu kuwa ba ya shan ruwa, riƙe shi yake yi.

Tun da safe ake ta gasar yara da 'yan mata da samari da mata. Tamu ce ta ƙarshe, kilomita 12. Kafin a zo kanmu dubban ƙafafu sun riga sun kirɓa hanyar, ta zama kamar inda aka kwaɓa ƙasar gini. Na ga abokaina suna sa takalma masu ƙusoshi a ƙasa, suna kuma naɗe su da salatif har idon sawu. Dattijon ya miƙo mini salatif ɗin. Na ce ba na bukata, na ɗaure igiyata sosai. Ya dube ni, ya ce, "To, ka ji abu ɗaya. Kada ka yi tseren tudun farko. Ka bar su su tafi." Na ce to, amma kunne ne kawai ya ji.

Muka jeru a gindin tudu, mu wajen dubu biyu, da 'yar singileti da gajeren wando, haƙora suna kaɗawa. Bindiga ta tashi. Ban taɓa jin irin wannan ƙara ba, sai ka ce garken shanu ya ɓalle. Ƙasa tana rawa, 'yan kallo suna ihu. Jinina ya hau, na manta da maganar dattijo, na kutsa ina wuce mutane. Da na kai kan tudu ban ko dubi birnin ba. Ƙirjina yana zafi kamar an zuba barkono, ga kuwa sauran fiye da kilomita goma sha ɗaya.

Daga nan muka gangara cikin taɓo. Masu karatu, rairayin Danchadi yana jan ƙafa, amma yakan sake ta. Wannan taɓo in ya kama, sai ka roƙe shi. Wani wuri ya kai idon sawu, wani wuri ya kai ƙwauri, ga sanyi kamar ƙanƙara. A hawa, ka yi taki biyu ka zame ɗaya. A gangara, ƙafa ta tafi inda ba ka aike ta ba. Waɗanda na wuce a tudu suka fara wuce ni ɗaya ɗaya, har da masu furfura, suna tafiya da gajeren taki, ba gaggawa. Abokaina biyar duka suka wuce. Kowannensu ya dafa kafaɗata, ya yi gaba.

Bayan mun ci fiye da rabin hanya, na jefa ƙafar hagu cikin wani rami. Na zaro ƙafa, takalmi ya zauna. Na juya in ɗauka, wani ya bangaje ni ba da nufi ba, na faɗi rub da ciki. Na lalube da hannu biyu, ban same shi ba. Na rarrafa gefe, na riƙe igiyar da aka kewaye hanya da ita. Laka a baki, laka a ido, yatsu sun ƙage. Na ce a raina, ya isa. Wa ya aike ni? Tambayar Kawu ta dawo mini, na kuwa rasa amsa.

Na ɗaga igiya zan fita ke nan, sai ga dattijon nan ya ratso fili yana ɗingishi da sandarsa. Bai yi mini faɗa ba, bai kuma tuna mini da salatif ba. Ya ce, "Ka ji ciwo?" Na ce a'a. Ya ce, "In ka ji ciwo, fito, ba laifi. In gajiya ce kawai, ka sani biyar suna gaba, kai ne na shida. Ba mu da na bakwai."

Na tsaya shiru. Na tuna ɗaya daga cikin biyar ɗin ya yi aikin dare a asibiti, bai runtsa ba ya zo. In na fita, wahalarsu duka ba za ta shiga lissafi ba. Na sunkuya, na cire ɗaya takalmin, na miƙa wa dattijo. Da ma ba da takalmi na koyi gudu ba. Na koma cikin taɓo da safa, daga baya ita ma ta tafi.

Ba zan ce muku ƙarfi ya dawo ba. Wani tudun da tafiya na hau shi, hannu a kan gwiwa. Amma duk wanda na wuce, na san na rage wa ƙungiyarmu lamba ɗaya, sai na sa ido a bayan na gabana, in na kama shi in nemi na gaba. Sannu ba ta hana zuwa. Na iso bayan mutum fiye da dubu, duhu ya soma. Abokaina biyar suna tsaye a bakin layi, sun ƙi tafiya su sa riga. Ba mu ci kofi ba, ko kusa. Amma da aka fitar da jeri, sunan ƙungiyarmu yana ciki. Aka ba ni shayi mai zafi, na kasa riƙe kofin saboda rawar hannu.

Ba ni kaɗai ba ne

Shekara biyu bayan haka, a 2017, aka yi gasar duniya a Kampala. Wani ɗan Yuganda, Joshua Cheptegei, ya yi gaba da nisa a gaban mutanen ƙasarsa. A zagaye na ƙarshe ƙarfinsa ya ƙare sarai, ya riƙa tangaɗi kamar zai faɗi, ana ta wuce shi. Bai fita ba. Ya ja jiki ya iso na 30, Yuganda kuwa ta sami lambar tagulla ta ƙungiya. Waɗansu suka yi masa dariya. A 2019, a garin Aarhus na ƙasar Danmak, a hanya mai tudu da taɓo, shi ne ya zo na ɗaya a duniya. Da na ga hotonsa yana tangaɗi, na san abin da yake ji a ƙirjinsa.

Komowa gida

Da na komo Danchadi na je gaishe da Kawu. Ya tsufa, yana zaune a zaure da bargo, gama hunturu ne. Na ba shi labarin duka. Ya yi dariya har da tari sa'ad da na kai wurin takalmi. Amma da na bayyana masa lissafin mutum shida, sai ya yi tsit. Can ya ce, "Ashe gayya ce. Ai da ka faɗa mini tun farko." Ya ce a gayyar noma akwai wanda yakan fara kai kunyarsa, a yi masa kiɗa da kirari. Amma mai gona ba ya cewa an gama sai na baya ya kai tasa. Kunya ɗaya in ta rage, gona ba ta nomu ba.

Tun daga ranar nake roƙon malaman makaranta da na sani, in za su fitar da yara gudu da hunturu, su raba su ƙungiya ƙungiya, su tara lambobi. Za su ga yaron da kullum yake zuwa baya ya daina ɓuya a bayan kuka, gama ya san ana jiransa. A gida ma haka ne. Akwai yaro mai saurin karatu, akwai mai jan ƙafa. Iyaye, ku duba wanda yake baya a cikin 'ya'yanku, ku gaya masa a fili cewa lissafin gidan ba ya cika sai da shi.

Takalmina na hagu kuwa yana can cikin yumɓun Landan har yau. Na daman na kawo shi gida, Kawu ya rataye shi a zaure, yana nuna wa baƙi.