Yaron da ya daina ci, ya kama barci mai nauyi

Wannan rubutu na iyayen ƙananan yara ne, musamman na yankin Gaya da Ajingi. Ya ɗan yi tsawo, a daure a karanta shi har ƙarshe.

Daga watan Yuli zuwa Oktoba, lokacin da gero ya rufe gonaki kuma kududdufai suka cika, da wuya ka shiga unguwa ba ka tarar da yaro mai zazzaɓi ba. Yadda abin yake tafiya kowa ya sani. Jikin yaro ya yi zafi, ya ƙi nono, ya ƙi kunu, ya yi amai, a aika kemis a sayo magani, a ce bari mu ga wayewar gari. Can cikin dare sai kukan ya tsaya, uwa ta yi ajiyar zuciya ta ce ya samu barci. Da asuba a tashe shi ya ƙi tashi, jiki ya saki, goshi ya jiƙe da gumi mai sanyi, ko ido ya juye ya fara jijjiga. Daga nan gida ya ruɗe, wannan ta ce iska ce, waccan ta ce baki ne, a ɗauko cokali a danna masa tsakanin haƙora. Ni dai abin da nake so in kafa hujja a kansa guda ɗaya ne: duk yaro ƙarami da ba shi da lafiya, ya daina ci, sannan ya kama barcin da ba a iya tashinsa da sauƙi, a ɗauka sukarin jininsa ya faɗi har sai gwaji ya nuna ba haka ba ne. A ba shi sukari ta hanyar da ba za ta cutar da shi ba, a kama hanyar asibiti a lokacin, ba sai gobe ba.

Dalilin yana cikin halittar yaron. Ƙwaƙwalwa kusan da sukari kaɗai take aiki, kuma ba ta da rumbun ajiyarsa, sai abin da jini ya kawo mata minti bayan minti. Ajiyar tana cikin hanta. Babban mutum zai wuni da azumi hantarsa ta riƙe shi, amma ɗan shekara biyu kansa babba ne in an gwada da jikinsa, hantarsa kuma ƙarama, kamar babur mai babban inji da ɗan ƙaramin tanki. In ya kwana ya wuni bai ci ba, ajiyar ta kusa ƙarewa. Zazzaɓi yana ƙara saurin ƙona ta, ƙwayar cutar maleriya ita ma sukarin jinin take ci, amai da gudawa kuma suna hana sabo shiga. In yaron dama yana da tamowa, to tankin tun farko ba a cike yake ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar da za a yi gaggawar magani a miligiram 45 cikin kowace desilita ta jini, wato 2.5 a ɗaya ma'aunin da wasu na'urori ke nunawa, ga mai tamowa kuma ta ɗaga iyakar zuwa 54. A cikin matakai goma da ta tsara na jinyar yaro mai tamowa mai tsanani, matakin farko shi ne magance faɗuwar sukari, kafin a zo maganar ƙarin ruwa ko maganin ƙwayoyin cuta. Sukarin da ya daɗe a ƙasa yana iya kashewa, yana kuma iya barin yaro da raunin ƙwaƙwalwa ko farfaɗiya har tsawon rayuwarsa.

Wani zai ce, to ba kullum likitoci ke cewa sukari cuta ne ba? Ga ciwon suga ya addabi dattawa, yanzu kuma a ce a ɗura wa yara? Abu biyu ne daban. Mai ciwon suga sukari ne ya yi masa yawa a jini, kuma ɓarnarsa a hankali take zuwa, cikin watanni da shekaru. Wannan kuwa ƙaranci ne, ɓarnarsa cikin mintuna da awoyi. Ƙaramin cokali ɗaya ba zai jawo wa yaro ciwon suga ba, ko da daga baya an gwada an ga sukarinsa lafiya lau yake. Hasali ma yaron da ke da ciwon suga yana karɓar allurar insulin shi ya fi kowa shiga wannan haɗari, in an yi masa allura bai ci abinci ba. Kuma tunda maganar ta zo, kakanni masu shan ƙwayar ciwon suga su ɗauke ta daga ƙarƙashin filo da gefen tabarma. Irin su glibenclamide, ƙwaya ɗaya in jika mai rarrafe ya haɗiye ta, ta isa ta kayar masa da sukari na tsawon awoyi masu yawa.

Tambayar da ta fi nauyi ita ce yadda za a ba shi, domin a nan ne ƙauna take yin kisa. Mun saba da ɗura: a kwantar da yaro a cinya, a toshe masa hanci, a kwarara masa ruwa ko kunu ko jiƙo. Yaron da hankalinsa ya gushe ba ya iya haɗiya, abin da aka zuba huhunsa zai wuce, ya shaƙe a take ko ya kamu da ciwon huhu bayan kwana biyu. Saboda haka a raba yanayin gida biyu. In yana farke yana iya haɗiya, nono ne farko. In an yaye shi, tsarin da ake koya wa jami'an lafiya shi ne a zuba ƙaramin cokali huɗu na sukari, ba tsororuwa ba, a kofin ruwa mai tsabta na mililita 200, a ba shi kurɓi kaɗan-kaɗan kafin a tashi zuwa asibiti, kamar babban cokali biyu zuwa uku. In kuwa ba ya farkawa, kada a zuba masa komai. A kwantar da shi a gefensa, a ɗebi sukarin gari ƙaramin cokali ɗaya, irin na ƙullin leda da ake saya a shago ko wajen mai shayi, a ɗiga masa ruwa ɗigo ɗaya ko biyu ya yi damshi, a sa a ƙarƙashin harshensa a bar shi ya narke a wurin. Bayan minti 20 a sake, ko da ana kan babur ne. In yana cikin jijjiga haƙora a datse, kada a ɓanɓare bakin da cokali ko yatsa, a jira jikin ya saki. Jaririn da bai cika shekara ba kuma ba a ba shi zuma, duk da matsayinta a wurinmu, domin tana iya ɗauke da ƙwayar cuta mai shanye jikin jarirai.

Wannan dabara ta ƙarƙashin harshe a maƙwabtanmu aka gwada ta, a yara masu irin zazzaɓinmu. A Bobo-Dioulasso ta Burkina Faso an wallafa sakamakon gwaji a 2005, a Sikasso ta Mali kuma a 2008. Duka biyun sun nuna sukarin da aka ajiye a ƙarƙashin harshe yana ɗaga na jini cikin mintuna, kusan yadda ruwan sukari na jijiya yake yi, kuma yana da fifikon cewa ba sai an tsaya neman jijiya a hannun yaron da ya bushe ba. Sun kuma lura yaran da suka haɗiye sukarin ba su samu ɗagawar da sauri kamar waɗanda ya zauna musu a baki ba. Gwaje-gwajen ba su ƙunshi yara da yawa ba, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta karɓi dabarar, ta sa ta a littafinta na jinyar yara a asibiti domin lokacin da ba a samu jijiya ba.

Akwai ƙorafin da na ɗauka da muhimmanci, wanda ma'aikatan lafiya da kansu suke yi. Suna cewa in ka koya wa uwa wannan, yaro ya buɗe ido ya yi kuka, sai gida ya ce an samu sauƙi a fasa tafiya. Tsoronsu yana kan hanya, kuma bincike yana goyon bayansa. A Malawi, wani babban gwaji da aka wallafa a 2020 ya duba ko ba da ruwan sukari ga yara masu tsananin ciwo da sukarinsu ya ɗan sauka, bai kai iyakar haɗari ba, zai rage mutuwa. Bai rage ba. Ma'anar wannan a fili take: faɗuwar sukari galibi alama ce ta wata cuta mai ƙarfi da ke ƙasa, maleriya ce ko cutar jini ko sanƙarau ko tamowa, kuma sukari bai taɓa ko ɗaya daga cikinsu ba. Abin da yake yi kawai shi ne ya tsare ƙwaƙwalwa har a isa wurin magani. Amma ban yarda maganin wannan haɗari shi ne a ɓoye wa iyaye ilimin ba. Daga ƙauyukan Ajingi da ke bakin iyakar Jigawa zuwa Babban Asibitin Gaya tafiya ce ta gaske a damina, in aka tura mutum Kano kuma, Asibitin Yara na Hasiya Bayero ko na Murtala ko na Malam Aminu Kano, sai ya ratsa Wudil ya ci kusan kilomita 60. Uwar da ba ta san komai ba za ta yi wannan tafiya da yaron da sukarinsa ke ci gaba da sauka, ko ta yi masa ɗurar da ta gada. Gara a koya mata abu biyun a haɗe, a nanata mata cewa yaron da ya farfaɗo da sukari ya tabbatar da cewa ciwonsa babba ne, kuma sukarin yana iya sake faɗuwa.

Sai maganar addu'a da tofi. Babu mai hankalin da zai ce wa uwa ta daina kiran sunan Allah a kan ɗanta. Addu'a ba ta buƙatar a tsaya, ana yin ta a bakin ƙofa, ana yin ta a kan babur. Abin da nake ja da shi shi ne a kwana ana turare da shafe-shafe, ko a ɗura wa sumammen yaro rubutu, alhali shi kansa malamin da ya san addini zai ce neman magani umarni ne. Jinkirin da ya fi wannan yawa ma ba na malam ba ne, na izini ne. Maigida yana gona mai nisa, ko ya tafi ci-rani, wayarsa ba caji, uwa tana zaune da yaro a cinya tana jiran a ce mata je ki. Iyaye maza, wannan a hannunku yake, kuma ba ya cin ko sisi. Ku faɗa yau, a gaban mahaifiyarku da matanku, cewa duk ranar da yaro ya suma ko ya yi jijjiga ko ya kasa shan nono, an yafe jiran izini. Ku ajiye kuɗin mai a wurin da uwar yaron ta sani, ku ba ta lambar ɗan acaɓan da zai ɗaga waya da tsakar dare. Kuma in abin ya wuce yaro ya tashi, a daina tuhumar uwar da sakaci. Macen da aka zaga a karon farko ita ce za ta yi shiru ta jira a karo na biyu.

Rigakafin ma ba ɓoyayye ba ne. A Muzaffarpur ta Indiya yara sun yi shekaru suna mutuwa da jijjigar asuba a lokacin nunar wani ɗan itace da ake kira lici. Binciken da aka wallafa a 2017 ya gano ɗan itacen yana da gubar da ke hana jiki ƙera sukari, kuma waɗanda abin ya fi kayarwa su ne yaran da suka kwana ba su ci abincin dare ba. Ba mu da lici a Gaya, amma muna da yaran da ke kwana da yunwa saboda zazzaɓi ya ɗauke musu sha'awar ci, an kuma ƙyale su. Yaro mara lafiya a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, nono ko koko mai sukari, har cikin dare. Maganin rigakafin zazzaɓin damina da ake bi gida-gida ana rabawa ga 'yan wata 3 zuwa 59, a cika shi kwana ukun nan na kowane wata, kada a tsaya a na ranar farko da aka sha a gaban masu rabawa.

Nauyin da ya rage na hukuma ne. Na'urar gwada sukari ba ta kai girman wayar hannu ba, ɗigon jini ɗaya daga yatsa take buƙata ta ba da amsa cikin daƙiƙoƙi. Na'ura ba tare da tsinken gwajinta ba kuwa ba ta da amfani, don haka kowane asibitin sha-ka-tafi ya kamata a same shi da ita da tsinkenta da ruwan sukari na jijiya, da allurar artesunate ta maganin maleriya. Gwajin da aka yi a kan yara sama da 5,000 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilorin, wanda aka wallafa a 2010, ya nuna artesunate ta rage mutuwa da kashi 22.5 cikin ɗari in an gwada da kwinin, kuma kwinin shi kansa yana kayar da sukari. Uwa ko uban da ya kai yaro a sume yana da haƙƙin ya tambaya cikin ladabi: Malam, an gwada sukarinsa?

Ina roƙon shugabannin ƙananan hukumomin Gaya da Ajingi da kwamitocin lafiya na mazaɓu su zagaya asibitocinsu kafin damina ta kankama, su duba da idonsu ko waɗannan kaya suna nan. Ina roƙon hakimai da dagatai da limaman Juma'a su ɗauki maganar izinin nan su faɗe ta a bainar jama'a. Kai kuma da ka karanta, yawancin matan da suka fi buƙatar wannan bayani ba sa Facebook. Ka karanta wa na gidanku da baki, ka nuna musu girman cokalin da inda ake sa sukarin. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba marasa lafiya lafiya.