Iskar Da Ke Ɓoye Cikin Buhun Yuriya

Manoman Magami da Tsafe da Bunguɗu sun san takin zamani da sunayensa uku: kamfa da yuriya da sufa. Sun san lokacin zuba kowanne, sun kuma san cewa masarar da ba ta sami yuriya ba ganyenta kan koma rawaya, goyonta ya tsumbure. Abin da ba a cika yi musu bayani ba shi ne asalin wannan farin taki, da dalilin da ya sa farashinsa ke bin abubuwan da ke faruwa a ƙasashen da ba su taɓa zuwa ba. Ni ɗan manomi ne daga Magami, kuma malamin kimiyyar sinadarai a jami'a, don haka nake ganin wajibina ne in yi wannan bayani da harshen da iyayena ke ji.

Abincin da shuka ke nema a yuriya shi ne naitirojin. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, amma dawa da gero da masara ba sa iya ɗaukarsa daga iska, domin a ɗaure yake tamau. Sai an haɗa shi da wata iska mai suna haidirojin, ƙwaya ɗaya tasa da uku nata, a sami amoniya. Bajamushe Fritz Haber ya nuna yiwuwar haka a 1909, Carl Bosch kuma ya mai da shi masana'anta a garin Oppau a 1913. Aikin na bukatar zafi fiye da digiri 400 da matsi mai tsanani. Idan aka haɗa amoniya da iskar kabon sai a sami yuriya.

Ga lissafin buhu guda mai kilo 50. Naitirojin da ke ciki kilo 23 ne. Kafin a same shi sai an yi amoniya kusan kilo 28, wadda ta ci haidirojin kusan kilo 5. Naitirojin kyauta ne, ana tace shi daga iska. Haidirojin kuwa sai an fasa iskar gas da tururi mai zafi kafin a fitar da shi, kuma nan ne mafi yawan kuɗin ke tafiya. Shi ya sa manyan masana'antun yuriya na ƙasar nan suke kudu, kusa da gas: Indorama a Eleme, Notore a Onne, duk a Jihar Ribas, sai ta Ɗangote a Lekki wadda aka buɗe a watan Maris na 2022, mai ƙarfin tan miliyan 3 a shekara. Masana'antun haɗa taki da muke gani a Arewa cakuɗawa kawai suke yi, yuriyarsu daga can take zuwa.

Da wannan za a fahimci abin da ya faru a 2022. Yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashin gas a duniya, wasu masana'antun Turai suka rage aiki, masu saye suka juyo kan yuriyar Nijeriya da dala a hannu. Manomin Magami mai 'yan nairorinsa ya wayi gari yana takarar saye da manyan gonakin Birazil. A kan haka aka ɗora kuɗin tirela daga bakin teku zuwa Gusau, da haɗarin hanyar Gusau zuwa Ɗansadau.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne tsadar ta zo daidai lokacin da takin gargajiya ya yi ƙaranci. Da muna yara, bayan an kau da amfani, makiyaya kan sauka a gonarmu, shanu su ci kara su bar mana taki, mahaifina ya sallame su da damin dawa. Satar shanu da rikicin daji sun raba wannan zumunci. Gonar da ta rasa kashin shanu, ta kuma rasa yuriya, ko an yi damina mai kyau ba ta cika rumbu.

Akwai mafita iri uku da nake gani. Ta farko, bututun gas na Ajakuta zuwa Kaduna da Kano, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Ya kamata gwamnonin Arewa su dage a kafa masana'antar amoniya a bakinsa, kada gas ɗin ya tsaya ga lantarki kaɗai.

Ta biyu, ana samun haidirojin daga ruwa idan aka raba shi da wutar lantarki. Masar ta yi taki ta wannan hanya a Aswan tun 1960, Zimbabuwe ma ta yi shekaru tana yi a Kwekwe. Mu Allah ya hore mana rana. Sai dai a faɗi gaskiya: haidirojin na buhu ɗaya zai ci kimanin yunit 250 na lantarki, saboda haka a yau hanyar ta fi ta gas tsada. Aikin jami'o'inmu ne, irin ta Tarayya da ke Gusau da ta Usmanu Ɗanfodiyo da ta Ahmadu Bello, su fara gwaji da ƙananan na'urori tun yanzu, domin da sanyin safiya ake kama fara.

Ta uku tana hannun manomi. Gyaɗa da wake da waken suya suna da ƙananan ƙulli a saiwarsu, inda wasu ƙwayoyin halitta ke kama naitirojin daga iska ba tare da gas ba. Wanda ya juya shuka, bana wake baɗi masara, ya rage wa kansa kuɗin taki. Haka kuma, yuriyar da aka watsa a saman ƙasa wani kasonta kan tashi sama a matsayin amoniya. A tona a binne ta kusa da gindin shuka lokacin da ƙasa ke da laima, kuma a raba zubin kashi biyu.

Duk wannan ba zai yi amfani ba sai manomi ya iya zuwa gonarsa ya dawo lafiya. Ina roƙon mahukuntan Zamfara su haɗa maganar taki da ta tsaro wuri guda, su kuma kawo taki kafin saukar ruwan fari. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka.