Ranar da Tsauni ya yi Nishi a Galtür

Da hantsi bas ta ɗauko mu daga Landeck, muka kama kwarin Paznaun a jihar Tirol ta ƙasar Ostiriya, dusar ƙanƙara tana zuba kamar ana tankaɗen gari. Muka wuce Ischgl, muka isa Galtür, ƙauyen da ke ƙarshen kwarin, kusan mita 1,600 sama da teku. Kwana biyu cur ba mu leƙa ko'ina ba. Iska ce ke kuka dare da rana, ni kuwa ɗan Katsina ina naɗe cikin bargo ina tambayar kaina me ya kawo ni.

A rana ta uku gari ya waye tas, rana ta fito, tsaunuka fari fat. Na ce wa jagoranmu, wani dattijo ɗan garin, yau sai fita. Bai tanka ba, sai ya nuna mini rahoton da hukumar gargaɗin zaftarewar dusar ƙanƙara ta Tirol ke fitarwa kullum. Ma'aunin hatsarin na Turai hawa biyar ne, ran nan yana hawa na uku. Na ce ai da sauƙi ke nan. Ya girgiza kai: a hawa na ukun nan aka fi mutuwa, domin a na huɗu da na biyar tsoro kan zaunar da kowa a gida.

Duk da haka ya yarda mu taka kaɗan. Ya ɗaura wa kowa wata 'yar na'ura a ƙirji mai aika sigina ko mutum na binne, ya ba mu shebur da doguwar sandar ƙarfe ta laluben wanda dusar ta rufe. Idan aka tono mutum cikin minti 15, galibi da ransa ake samunsa. Bayan minti 35, kusan kashi ɗaya cikin uku ne ke rayuwa. Ke nan wanda kuke tafe tare shi ne mai cetonka, jirgin agaji sai dai ya zo ɗaukar gawa.

Muna hawa yana nuna mini aikin iska. Kamar yadda iskar hunturu ke tara rairayi a bayan katanga, haka take kwasar dusa daga wannan gefen tsauni ta jibge a wancan, ta daddale ta ta zama falle guda mai tauri. A ƙarƙashin fallen nan akwai tsohuwar dusa wara-wara kamar sukari. Gangaren da karkatarsa ta kai digiri 30 zuwa 45 shi ya fi sakin kayansa, kuma nauyin mutum ɗaya ya isa.

Ban gama fahimta ba sai da na ji da kunnena. Na ɗaga ƙafa na sauke, sai ƙasa ta ce "wum!", wani nishi mai zurfi, wurin ya ɗan lotsa da mu, tsaga ta ruga gabana kamar an ja zare. Gwiwoyina suka yi sanyi. Dattijon bai ɗaga murya ba. Da hannu ya yi mana alama mu juya, ɗaya bayan ɗaya, da tazara, a kan sawun da muka zo.

Da la'asar ya kai ni Alpinarium, gidan tarihin da aka gina jikin wata katangar kariya mai tsawon mita 345. Nan na ga dalilin shirunsa. Ranar 23 ga Fabrairun 1999, wajen ƙarfe huɗu na yamma, dusa ta ɓalle daga tsauni ta faɗa cikin ƙauyen, har unguwar da taswira ta ce babu hatsari, ta kashe mutum 31. Washegari wata ta kashe bakwai a Valzur, nan kusa. Hanya a rufe, guguwa ta hana jirage masu saukar ungulu tashi, mutanen gari ne suka kwana suna tonon maƙwabtansu da baƙinsu.

Na tambaye shi ko yana nan a daren. Ya ce yana nan, da shebur a hannu. Sannan ya duba agogo, ya ce rahoton gobe yana fita ƙarfe biyar.