Jirgin Ƙasa a Bisa Kanta

Zuwa ga Edita,



Ni malamin makaranta ne a ƙasar Ngaski. Yaranmu sun san jirgin ruwa tun suna goye, gama tafkin Kainji na ƙofarmu tun 1968, amma jirgin ƙasa sai labari. Ya isa Kano a 1911, Kaura Namoda a 1929, har yau bai taka ƙasar Yawuri ba. Ran nan ina ba su labarinsa, wani yaro ya ce, "Malam, da filafili ake tuƙa shi?" Abin ya dame ni ƙwarai.

Saboda haka na kafa kanta a jikin bangon aji. Faɗin tsohuwar hanyar reluwe ƙafa 3 da inci 6 ne, sai muka mai da kowace ƙafa inci 1, tamu ta zama inci 3 da rabi. Yara suka yi lissafin da kansu. Taragu na karan dawa, ƙafafu na marfin gwangwani.

Kuskurena biyu. Na matse kwanar da ke kusurwar ɗaki, jirgi ya yi ta faɗuwa. Ban kuma shafa wa katako baƙin mai ba, gara ta cinye tashar Zungeru muna hutu. Muka sake. Yau yaron nan shi ke koya wa ƙannensa awo.

'Yan'uwana malamai, ku jarraba. Gani ya kori ji.

Wasalam.

Wani Malamin Makaranta, Ngaski.