Kakarmu ta manta sunayenmu, wa ke ƙirga irinta?



A gidanmu mun yi shekaru muna jinyar kakarmu. Da farko makulli take ajiyewa ta manta, daga baya ta koma tana tambayarmu ko mu ƴaƴan wane ne. Wasu suka ce gigin tsufa ne, wasu suka ce iska ce. Da muka kai ta gidan likita, lokotoro ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba shi da maganin da ke warkar da shi. Tun lokacin muke tambayar kanmu: shin akwai masu binciken wanga ciwo a jikin mutane irinmu?

Wannan tambaya ce ta sa muka san sunan Dokta Mahmoud Bukar Maina, ɗan jihar Yobe, maƙwabciyarmu ta kudu. Ya yi karatu a Jami'ar Maiduguri, ya wuce Jami'ar Sussex a Ingila, inda yake bincike kan wani sinadari na ƙwaƙwalwa da ake kira tau, wanda lalacewarsa ke da hannu a cutar Alzaima.

Masu bincike suna da ma'auninsu. Idan mutum ya wallafa aikinsa a mujallar kimiyya, wani ya zo ya ɗora nasa a kai, dole ya ambaci sunansa, kamar yadda almajiri ke cewa daga bakin malam wane na ji. Wannan ambato ake ƙirgawa. Da shi ake ɗaukar aiki, da shi ake ƙarin girma, da shi kuma masu ba da kuɗin bincike ke gane wanda za su ba.

A 2021 Dokta Maina da abokan aikinsa suka auna Afirka duka da wanga ma'auni, suka wallafa a mujallar Nature Communications. Sun duba takardu 12,326 kan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi masu ɗauke da sunan wata cibiya ta Afirka, daga 1996 zuwa 2017. A ciki, 5,219 kaɗai aka tabbatar a Afirka aka yi aikin kuma masu bincike mazauna Afirka suka jagoranta. Wato kowace ƙasa kusan takarda 5 a shekara. Mafi yawansu ma daga Masar, Afirka ta Kudu, Najeriya, Maroko da Tunisiya suka fito.

Abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne maganar haɗin gwiwa. Takardun da aka yi tare da masana na waje sun fi samun ambato, kuma abokan aikin galibi a Turai da Amurka suke. Kuɗin ma yawanci daga can suke zuwa. Ba mu ce laifi ba ne, amma fa mai ba da kuɗi shi ke da bakin faɗin ciwon da za a bincika. In ba mu cikin lissafi, farfaɗiyar yaranmu, shanyewar ɓarin jiki da ke kwantar da magidanta, da abin da sanƙarau ke bari a kan wanda ya tsira, duk sai su jira.

Dokta Maina bai tsaya ga ƙirga ba. A 2021 aka buɗe cibiyar bincike ta BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, da shi a gaba, don matasa su koyi aiki da na'urorin zamani a gida.

To mu fa? Muna da Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, André Salifou a Damagaram, Djibo Hamani a Tawa. Daga Damagaram, Damaturu ta fi Paris kusa nesa ba kusa ba. Su da Ingilishi suke rubutu, mu da Faransanci, amma marar lafiya da Hausa ko Barbarci zai yi musu bayani su duka.

Roƙonmu ga malamai da ɗalibanmu na likitanci: ku rubuta abin da kuke gani a asibitocinmu, ku nemi takwarorinku na ƙetaren iyaka ku wallafa tare. Mu kuma iyalai, mu daina ɓoye tsofaffinmu a ƙuryar ɗaki, mu kai su a duba su. Kakarmu ta rasu ba a rubuta ciwonta a ko'ina ba. Allah Ya jiƙanta, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.