Makon Aiki: Daga Littafin Wata Mai Jego

Alhamis

Likita ta tsayar da rana, Talata mai zuwa. Hoton ciki ya nuna mabiyiya tana nan kwance a bakin mahaifa, ta tare hanya. Ta ce in aka bari naƙuda ta taso, jini ne zai ɓalle kafin ɗa ya fito, don haka ba za a jira wata tara ya cika ba, a sati na 37 za a ciro shi. Malam ya sa hannu a takarda. An ce mu tanadi jini leda biyu, ƙannensa suka ce su za su bayar.

Asabar

Goggo ta zo tun hantsi. "Ke 'yar nan, lafiyarki ƙalau za ki kai kanki a yanka? Mu da muka haifi tara a ɗaki fa?" Ban yi mata musu ba, don na san tsoro ne ke cin ta. A saninta, ba a yi wa mace aiki sai ta galabaita, kuma da yawa ba sa dawowa. Abin da na so ta gane shi ne jinkirin ne ke kashe su. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna a lokacin kusan haihuwa 3 cikin 100 ake yi ta tiyata a Najeriya, adadin da ya gaza abin da ake buƙata nesa ba kusa ba. Tsoro da kuɗi ne ke tsare mata a gida. A Nuwamban 2024 ministan lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da aikin haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, amma a unguwarmu kaɗan ne suka ji labarin.

Litinin

An ba ni gado. An ɗebi jini, an saurari bugun zuciyar ɗa. Daga sha biyun dare ba ci. Cikin dare aka shigo da wata daga ƙauye, kwana biyu tana naƙuda, ko magana ba ta iyawa. Na yi ta yi mata addu'a har asuba.

Talata

Ɗakin tiyata sanyi ƙalau. Aka ce in zauna in lanƙwasa bayana, aka yi allura a gadon baya. Ƙafafuna suka yi ɗumi, suka yi nauyi, daga nan ban ƙara jin su ba. An sa labule a ƙirjina. Idona biyu, ina jin ana ja ana dannawa amma babu zafi, bakina bai daina salati ba. Ba a fi minti goma ba na ji kuka. "Hajiya, barka, mace ce," in ji nas. Ɗinkin ne ya ɗauki lokaci. Sai da aka ƙara mini leda ɗaya ta jinin nan.

Da yamma aka sa mini ita a nono. Inna ta so a jira farin nono ya zo, ungozoma ta ce dakashin nan shi ne rigakafinta na farko.

Laraba

Yau na san an yi mini aiki. An cire robar fitsari, nas ta ce sai na tashi na taka, don kada jini ya daskare a jijiyoyin ƙafa, kuma hanji ya motsa. Na riƙe Inna, na isa bakin ƙofa ina hawaye. Tari ma sai na danne wurin da matashi. An fara ba ni shayi, da dare kunu.

Asabar

Mun dawo gida, na tarar an jibge itace da ganyen darbejiya. Nan aka yi ta. Goggo ta ce mai jegon da ba ta yi wanka ba ɗanyen jiki ne zai kama ta. Na ce, "Goggo, ki yi haƙuri, ɗinki ne a cikina, tafasasshen ruwa zai iya buɗe shi." Na kuma faɗa mata cewa tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar masu jego da yawan kunun kanwa da zafin da ake gasa su da shi. Wannan ba ta saurare shi ba. Abin da ya sauko da ita shi ne ganin filastar da idonta. Ta yi shiru, ta ce a sirka ruwan. Muka daidaita: ruwa mai ɗumi, ba fyaɗa ganye a ciki, kunun gyaɗa maimakon na kanwa. Yajin jego da farfesun kauri kuwa ban bar mata ko kaɗan ba.

Talata, ranar suna

An raɗa suna da safe. Ina zaune a ɗaki, ban ɗauki abin da ya fi jaririyar nauyi ba. Cikin 'yan barka wata ta ce, "Allah sarki, ba ki samu haihuwa da kanki ba." Kafin in buɗe baki Goggo ta amsa: "Haihuwa ta yi, har da ta fi tamu wuya."

Alhamis

An duba ɗinki, ya kama, babu ruwa babu wari. Likita ta ce zazzaɓi, ko jini mai yawa, ko kumburin ƙafa ɗaya, in dawo ko da tsakar dare ne. Ba daka, ba ɗaukar bokiti sai bayan arba'in, kuma in huta kamar shekara biyu kafin wani cikin. 'Yar'uwa, in awo ya nuna aiki za a yi miki, ki je ranar da aka sa da ƙafarki, kada ki bari sai an ɗauko ki.