Nonon da Babu Mai Shan Sa

Shekara huɗu tana ɗakin miji a Damagaram, ba ta taɓa goyo ba. Ɓatan wata kuwa ta sha yin sa: al'ada ta ɗauke wata uku ko huɗu, gida ya fara murna, a je awo a ce babu komai. Abin da ya fi ɗaure mata kai shi ne ruwan nono da ke jiƙa mata riga, alhali babu jaririn da zai sha. Surukarta ta ce ciki ne ya kwanta, maƙwabta suka ce namijin dare ne. Ta sha rubutu, ta yi hayaƙi, har kalmar "juya" ta fara bin ta gidajen suna, dangin miji kuma suka soma zancen kishiya.

Gwajin jini ne ya warware zare da abawa. Likita ta bayyana mata cewa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wata halitta da ba ta fi ƙwayar wake ba, ana kiran ta fituwitari. Ita ke fitar da sinadarin furolaktin, mai kawo nono bayan haihuwa, mai kuma dakatar da fitar ƙwan mace yayin shayarwa. Ga macen da ba ta da ciki, ba kasafai yake wuce nanogiram 25 a kowace mililita ta jini ba. Nata ya ninka haka sau da yawa. Wato jikinta ya ɗauka tana shayarwa, shi ya sa ya rufe ƙofar wani ciki.

Magungunan taɓin hankali, da wasu na amai, da raunin halittar maƙoshi da ake kira tayirod duk kan haddasa wannan. Ita dai hoton da aka ɗauka a Yamai ya nuna ɗan ƙari ne a fituwitarin, bai kai milimita 10 ba, kuma ba ciwon daji ba ne. Aka ɗora ta kan ƙwayar kabagolin, sau biyu a mako.

Bayan wata biyu nonon ya ƙafe, al'ada ta dawo. Ta durƙusa gaban surukarta ta ce, "Inna, na ga jini." Tsohuwar ta fara salati irin na jaje, sai ta lura sarakuwar tata murmushi take yi. Jinin da dā take kallo a matsayin asara, yau shi ne albishir na farko.